Mai Fito da Mai Littafin Duma

Haladu, mayar da takardar nan aljihu, kada ka kuskura ka yaga ta a gabana. Shekara ashirin da biyu kana gyaran janareto, an kira ka intabiyu a asibiti jibi, sai ka ce ka fasa, wai don wani akawu ya tare ka a bakin ofishin asibitin ya tambaye ka ma'anar sabis nawa ka sani a Turanci. Ka ce ɗaya, wanda ake yi wa inji. Ya jero maka na waya, da na soja, da na otal, da wasu can da ka ce sun shige maka duhu. Mutane suka yi dariya, ka dawo gida jiki a sanyaye. Wallahi ba dariyarsu ce ta ɓata mini rai ba, kai ne. Zauna ka ji wani misali.

An yi wani matafiyi, mai karatu ne na gaske, wannan ba na raina masa. Ya share shekaru yana yawo gari-gari yana rubuta abubuwan da ake yi da duma, har ya tara amfani arba'in cif a littafi guda, tun daga ƙwaryar dama fura da ludayi har zungurun lalle da shantu da kurtun tawada. Wata rana da damina ya iso bakin wani kogi, ya tarar ya cika ya batse. Ba gada, ba kwalekwale, sai wani tsoho mai fito da ƙaton goransa baƙi, wanda ya toshe wa baki ya liƙe da danƙo. Mata 'yan kasuwa na zaune suna jiran layi ya zo kansu. Matafiyi ya ga tsohon yana ƙwanƙwasa goran da ɗan yatsa yana kasa kunne, sai ya tambaye shi amfanin duma nawa ya sani. Tsoho ya ce ɗaya. Matafiyi ya kwashe da dariya, ya buɗe littafi ya karanta masa sauran talatin da tara da ƙarfi, yana yi yana satar kallon matan ko sun ji. Da ya gama ya ce ai fiton ma yana ciki, shi ne na goma sha bakwai, saboda haka bai ga dalilin da zai sa ya jira wanda bai wuce abu ɗaya ba. Tsoho bai ɗago kai ba. Ya ce, "To malam, ga ruwa nan, ba nawa ba ne."

Mutumin naka ya shiga kasuwar bakin kogi ya zaɓo gora sabo fil, mai sheƙi, wanda ya fi na tsohon kyau nesa ba kusa ba. Bai ƙwanƙwasa ya ji ko da tsaga ba, don littafi bai ce a yi haka ba. Littafin bai kuma ce mai fito rungumar gora yake yi da ƙirji yana bugun ruwa da ƙafa ba, bai ce ana haurawa can sama a faɗa a karkace a bar ruwa ya gangaro da mutum zuwa mashigi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ana haye kogi da gora. Matafiyi ya ɗaure littafi a ka, ya ɗare goran kamar jaki, ya nufi tsallake kai tsaye. Ko tsakiya bai kai ba goran ya mulmule ya bar shi. Littafi ya yi gabas, hula ta bi shi, malam ya fara shan ruwa ba da ludayi ba. Matan suka sa salati. Tsoho ya miƙe ba gaggawa, ya ɗauki baƙin goransa ya gangara ƙasa inda ya san ruwa zai kawo mutum, ya faɗa, ya cafko shi ta wuyan riga, ya ɗora masa hannaye a kan goran. Sai da suka fito matafiyi ya gama amayar da ruwa, sannan tsohon ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Malam, cikin talatin da taran nan, wanne ka kira ya amsa maka?"

To ka ji. Ban ce ka ƙi karatu ba, Haladu. Sayi ƙamus, ka koyi na waya da na otal ɗin duk, ilimi ba ya yi wa mutum yawa. Amma asibitin nan ba mai jera ma'ana suke nema ba. Ranar da wuta ta ɗauke, likita na tsakiyar aiki a kan ɗan wani, injin ya yi tari ya mutu, ba wanda zai aika a kira akawu ya zo ya karanta masa Turanci. Kai ne kake jin ciwon inji daga ƙararsa tun kafin ka kwance ƙusa ɗaya. Wanke rigarka, jibi ka wuce ta gaban akawun nan, ka gaishe shi da kyau, ka shiga da ɗayan nan naka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, iya ruwa fidda kai.