Gyara na Tara

"Babu kuskure ko ɗaya a ciki," in ji editar, ta turo masa tulin takardun a kan tebur. "Amma ba za mu buga ba."

Marubucin, malamin makaranta ne, ya sunkuyar da kai yana kallon tulin. Shekara shida ke nan yana gyaran littafin nan, labarin marigayiya mahaifiyarsa mai sayar da kayan miya. Sau takwas ana dawo masa da shi da jan biro. Aka ce jimlolinsa sun yi tsawo, ya datse. Aka ce tsohuwar ta cika surutu, ya rage mata baki. Aka ce babin jinyarta ya cika kuka, ya share hawayen.

"Ranki ya daɗe, duk abin da kuka ce na yi."

"Na sani, Malam, mu ma da laifinmu. Amma matar nan ta daina numfashi. A rubutun farko akwai wurin da ta kore ka daga bakin gadonta tana dariya. Kawo mini wancan, mu faro daga can."

Tun a gyara na uku ya ƙona wancan rubutun, don kunyar kurakuransa. Ya runtse ido yana laluben abin da ta faɗa masa ranar da bakinta, amma gyararriyar jimlarsa kawai yake ji.