An Rufe Ido, An Bar Anko

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe wani ɗan jarida ya faɗo ofis a guje, ko sallama bai ƙarasa ba, ya dire kyamararsa a teburin edita. Mako uku ya yi yana zarya wani gidan rawa da ke bayan gari, inda ake sayar da giya ga yaran da ba su kai shekara sha takwas ba, kuma yau ga shi da hujja a hannu. Hotuna goma sha ɗaya ne, tar da su. Ga kwalabe, ga yara, ga mai gidan da kansa a bayan kanta yana miƙa wa wani yaro kofi. Nan take ofis ya kaure. Masu buga rubutu suka bar kujerunsu, mai shara ta jingine tsintsiya, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Edita ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daki tebur ya ce, "Kai, ɗan nan, ka gama da su! Shafin farko!" Ɗan jaridar ya ce, "Ranka ya daɗe, dama na ce maka ba yawon banza nake ba." Edita ya ce, "Yawon banza kam ka sha shi, amma yau na yafe."

Daga nan aka zauna tacewa, don gidan jaridar yana da ƙa'idarsa. Aka fara da mai gidan rawa. Lauyan jarida ya ce mutumin yana da manya a bayansa, in aka kama sunansa sai kotu ta raba. Sai aka cire sunan, aka rubuta "wani gidan rawa a bayan gari", aka ajiye hotonsa a aljihun tebur. Aka juyo kan yaran. Ƙa'ida ta ce ba a nuna fuskar yaro, don haka aka ja wa kowanne baƙin layi a kan ido. Hoton da aka zaɓa na yara huɗu ne a tebur, wata yarinya a tsakiya riƙe da kwalba, cikin atamfa ruwan goro mai zanen shuɗayen tsuntsaye. An zaɓe shi ne don launin zai ja ido daga nesa. Mai shara ta ƙara leƙowa ta ce, "Yallaɓai, wannan fa anko ne, irin kayan da 'yan biki ke yi iri ɗaya." Maza huɗu ne a teburin edita, duk suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Baba, mu labari muke bugawa, ba ɗinki ba."

Ranar Laraba jarida ta fito, kafin azahar ta ƙare kaf. Masu talla suka dawo suna neman ƙari, aka sake kunna inji. Gidajen rediyo suka karanta labarin, a majalisu ba a zancen komai sai shi, wayar ofis kuwa ba ta huta ba. Edita ya aika aka sayo tsire, aka ci a tsaye ana tafawa, ɗan jaridar yana ta ba da labarin yadda ya ɓoye kyamara a cikin babbar riga.

Ranar Juma'a da safe wata mata a wata unguwa ta aika a sayo mata ƙosai, aka ƙunso shi a wannan shafin. Ba ta karatun boko, man ƙosan kuma ya riga ya jiƙe kanun labarin, amma tsuntsayen suna nan. Ita ce ta je kasuwa ta zaɓo atamfar nan don bikin ɗan yayanta da aka yi ranar Asabar, 'yan matan dangi goma sha biyu aka yanka wa, kuma a cikinsu ɗaya ce kawai ta nace sai tela ya yi mata hannu mai tattara, ga shi kuwa nan a hoton. Kafin a tafi masallaci shafin ya zaga gida bakwai. Yarinyar shekararta sha shida, saura mako uku ta zauna jarrabawar gama sakandare. Ranar Litinin maganar ta kai makaranta, aka kore ta.

Da labari ya iske ɗan jaridar, ya nemi gidan ya je, har yanzu da sauran zafin nasara a kansa. Ya ce wa matar nan, wadda goggon yarinyar ce, "Hajiya, wallahi na rufe mata ido, haka ƙa'ida ta ce." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, da ido kaɗai kake gane naka? Mu muka ɗinka mata kayan."

To, kai sabon ɗan jarida da ka shigo aikin nan jiya, ka lura: babu ƙarya ko ɗaya a labarin. Kwalbar gaskiya ce, shekarun yaran gaskiya ne. Abin da za ka tambaya kafin a kunna inji shi ne, wa shafin nan ya ɓoye, wa ya tona.

Yarinyar ba ta zauna jarrabawa ba, an kai ta wurin kakarta a ƙauye. Mai gidan rawa ya ƙara wa katangarsa tsawo, ya sa mai gadi yana laluben masu shiga ko da kyamara, ranar Asabar ya buɗe kamar kullum. Hausawa suka ce, an bar jaki ana dukan taiki.