Fadamar da Gishiri Ya Cinye

Tana duƙe cikin shinkafarta ta hango baffanta a bakin fadama, tare da babban ɗansa.

Shekarar da aka canja kuɗi mijinta ya rasu a Minna, ta kwaso yara ta komo Wushishi. Baffan ya nuna mata fadamar da gishiri ya cinye, ya ce, “Taki ce har abada.” Duk abin da ta shuka sai ya ƙone. Daga baya wani malamin gona ya koya mata jiƙa iri a ruwa mai ɗan gishiri, ta shanya a inuwa kafin shuka, don tsiron ya saba tun yana ƙwaya. Bana fadamar ta yi kore shar.

Ta taso da murna, ta durƙusa. “Baffa, ka ga ikon Allah?”

“Na gani, 'yata. Sannu da ƙoƙari.” Bai dube ta ba. “Dama aro na ba ki. Yayanki zai karɓa bayan girbi.”

Ta juya wajen yayan, ko zai ce a'a. Ya sosa ƙeya.

“Ƙanwata,” ya ce, “gishirin nan, cokali nawa kike zubawa a bokiti?”