Hannun Hashimu

Ranar da na fita takaba ban je gidan kowa ba. Kamfanin jimar fata na nufa, inda mijina Hashimu ya yi shekara talatin. A shekaru ukun ƙarshe sun sa masa safar hannu mai haɗe da na'ura, tana koyon yadda yake taɓa fata ya san ta jemu. Har maganarsa tana ɗauka. Yanzu ita ke koya wa sababbin ma'aikata.

Na ce wa matar da ke ofis, "'Yar nan, muryarsa kawai na zo ji."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. Ai mun canja muryar. Sababbin ba sa gane Sakkwatancinsa, ga yawan tari."

"To me ya rage nasa?"

Ta zura min safar, ta ɗora hannuna a kan fata. Yatsuna suka motsa da kansu, suka shafa sau biyu, babban ya ɗan danna. Haka yake taɓa goshina in zazzaɓi ya kama ni.

Ta duba agogo. "Inna, masu aikin rana suna jira."

Na cire na miƙa mata. Kafin in kai ƙofa wani ya zura hannunsa.