Waƙa Tara Cikin Wata Uku

Ana tsakiyar gwada makirufo Zakara ya ɗaga hannu, aka tsayar da kiɗa.

"Likita ya ce mawaƙin ƙungiyar nan ba zai wuce wata uku ba," in ji shi. "Faifan nan da muke ta jan ƙafa a kansa, a gama shi."

Haka Zakara yake magana tun asali. Shekara ashirin yana ba da waƙa a ƙungiyarsu ta kiɗan rok, ba a taɓa jin ya ce "ni" ba: mawaƙin ƙungiyar nan yana jin ƙishi, mawaƙin ƙungiyar nan ba ya ɗaukar sifika. Ranar ce kaɗai ba wanda ya yi masa dariya.

Sandunan Mai Ganga suka suɓuce. Mai Jita ta juya baya tana ɗaure tsirkiyar da ba ta kwance ba. Amshi, mai kaɗa babbar jita, wanda rabonsa a waƙa bai wuce maimaita ƙarshen baiti ba, ya sunkuya yana kallon takalminsa.

Daga washegari Zakara ya zama ɗan lele. Mai Ganga, wanda ya shekara yana kiransa gwangwani saboda yawan ƙara, shi ya kawo masa filo daga gida. Mai Jita ta riƙa zuwa situdiyo da kula cike da abinci, tana cewa, "Yaya, ko loma biyu ka daure." Zakara ya daure. Ya cinye nasa, ya jawo kwanon Amshi ya taya shi. Kafin wata ya ƙare maɓallan rigarsa sun fara neman ɗauki. Mai Jita ta ce kumburin magani ne, ta fita waje ta sha kukanta.

Ranar Talata ba a aiki, ranar asibiti ce. Su biyu suke tafiya da Amshi a motar Zakara, kuma ciwo ko ba ciwo, Zakara ba ya barin kowa ya taɓa masa sitiyari.

Matsalar tana wurin muryar Zakara. Da zarar Injiniya, mai kula da na'urar ɗaukar sauti, ya danna ɗauka, Zakara ya ja baitin farko, sai tari ya sarƙe shi. Tari ne mai ladabi, ba ya zuwa lokacin cin abinci ko gardamar ƙwallo.

"Amshi, riƙe min wannan," sai ya ce. "A ɗauki taka ta gwaji, in na samu sauƙi sai in ɗora tawa a kai."

Haka aka yi a waƙa ta ɗaya. Haka aka yi a ta biyu, da ta biyar.

Mai Ganga yana son Zakara fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa, kuma tsoro ya cika masa ciki. Tun da ba dama ya yi wa marar lafiya faɗa, sai ya juye faɗan duka a kan Amshi.

"Sake, ka shigo a makare. Sake. Wai a zaune ma kake waƙar? Tsufa ne ya kama ka tun yanzu?"

Waƙa guda sai da aka maimaita ta sau talatin da ɗaya. Amshi ya share gumi, ya kurɓi ruwa, ya gyara zama a kan kujera. Abin da ke ƙara tunzura Mai Ganga, duk sanda ya yi masa tsawa sai mutumin ya yi kamar an ba shi kyauta.

Muryar Amshi ba ta da ƙyallin ta Zakara. A dushe take, tana tafiya ƙasa-ƙasa. Amma ranar da ya rera ta bakwai, wadda ya rubuta a kan mutumin da ke zagaya maƙwabta yana mayar da tsani da guduma da ya ara, waƙa ta ƙare Injiniya bai tuna ya tsayar da na'ura ba.

Da aka shiga mako na goma Mai Ganga ya kasa haƙuri. Ya tare Zakara a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa, faifanka na ƙarshe, a ce babu muryarka ko a waƙa ɗaya?"

Zakara ya ce, "To, a sa ni a amshi."

Aka sa shi, ya kuwa yi ta kwafsawa. Mutumin da bai taɓa jiran kowa ya gama magana ba, ina zai iya jiran ƙarshen baiti? Sau takwas yana faɗowa kafin lokaci, Amshi yana ɗaga masa yatsa yana dariya har numfashinsa na yankewa.

Aka gama ta tara ranar Alhamis. Asabar da safe Zakara ya buga waya: an ba da gado, ɗaki na huɗu, a taho da faifan.

Mai Ganga da Mai Jita suka ɗauki hanya. Duk tsawon tafiyar Mai Ganga yana haɗa kalmomin neman gafara a kan maganar gwangwani.

A barandar asibitin suka iske Zakara tsaye, riƙe da filas ɗin ruwan zafi, kumatunsa sumul.

"Yaya, wa ya bar ka ka tashi?" in ji Mai Jita.

"Kada wanda ya yi kuka a ciki," Zakara ya ce, idonsa jawur. "Shi ya hana ni yi muku dalla-dalla. Ya ce in kun sani, ko me ya rera za ku ce ya yi daɗi."

Ya tura ƙofar.

A kan gadon, da robar ƙarin ruwa a hannu ɗaya, Amshi ne kwance yana miƙo ɗaya hannun a ba shi faifansa.