Wayar da ta Tsallaka Katanga

Da Shu'aibu mai haɗa wuta ya ɗage buhun da aka lulluɓe gurup da shi, wato janaretan gidan, sai ga gidan zanzaro a bakin salansa.

"Wanga inji ya daɗe yana kwana," in ji shi.

Rabilu ya yi dariyar yaƙe, ya ce Inna ce da tattali, ba ta son ƙona mai. Shi ne ya aiko da injin daga Lome shekarun baya, lokacin da likita ya ce hawan jinin tsohuwar ba ya son zafi. Ya aiko, ya ɗauki hotonsa ya nuna wa abokai, bai taɓa tambayar wa ke zuba masa mai ba. In ya kira ta a salula yakan ji kukan fanka tsaf a bayan muryarta, babu wata hayaniya, sai ya ajiye da kwanciyar rai.

Yanzu ya dawo Dogon Dutsi da zama, shi da matarsa Rumaisa'u. Ya san abin da ake faɗa a unguwa: ɗan da ya yi arziki ya bar uwa a ɗakin ƙasa. Maganar tana ci masa rai, har ba ya iya haɗa ido da tsofaffi a masallaci. Shi ya sa ya yi niyyar wanke kansa a bazarar nan. Inna za ta sha iska dare da rana, kowa kuma ya gani.

Shu'aibu ya jera faifan sola a kan kwano, ya ajiye batura a inuwa, ya sa makunnin da ke sauya wuta tsakanin gurup da batur don kada su yi karo. Ya bi wayoyin ɗakunan siminti ɗaya bayan ɗaya. Da ya nufi ɗakin Inna da ke can ƙurya jikin katanga, tsohuwar ta tare ƙofa, ta ce nata lafiya lau yake, kada a taɓa mata komai. Rabilu ya ce a ƙyale ta, ai duk gida ɗaya ne, wuta ɗaya.

Kwana biyu aka yi ana shiga ana fita kallon aiki. Daga nan batura suka fara ba shi kunya. Kafin asuba sun mutu, kowa ya tashi sharkaf da gumi. Inna kaɗai ke fitowa da safe idonta wasai, ba ta taɓa cewa uffan ba. Haƙurin nan nata ya fi zagi yi masa ciwo.

Shu'aibu ya ce firigon Rumaisa'u, wato firjinta, da na'urar sanyaya ɗaki sun fi ƙarfin baturan. Rabilu bai so jin haka ba, don kayan da shi ya zaɓa da hannunsa ba za su gaza ba. Tabbas akwai mai jan wutar a ɓoye.

Ranar Juma'a ya zaga bayan ɗakin Inna, ya gan ta: wata siririyar waya da rana ta koɗar da ita, ta fito ta ƙarƙashin indararo, ta bi wata ƴar kafa a katanga ta faɗa gidan maƙwabci. Gidan Mushe Munkaila ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, da ya yi ritaya, wanda ya sha zane Rabilu a kan lissafi. Mutumin da ke da faifan sola ɗaya tal da baturin tsohuwar mota, amma kullum rediyonsa na kunne a zaure. Mutumin da ke kwana a tsakar gida yana fifita da mafici, wai shi ba ya son fanka.

Jinin Rabilu ya tafasa. Ashe iskar uwarsa ake sha, shi kuma ana yi masa kallon ɗan banza!

Bayan la'asar ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci, ya ce su zo su zama shaida. Suka biyo shi cikin lungu, Mushe Munkaila a tsakiyarsu yana dogara sanda. Rabilu ya nuna wayar, ya faɗi kalmar da ba a faɗa wa mai furfura. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Rabilu, ɗana, mu shiga daga ciki mu yi magana, ni da kai."

"Babu wani ciki, Baba Mushe. Abin da anka yi a ɓoye, yau a hili za a gan shi."

"Don Allah ka bari. Ba don ni ba."

Wani dattijo ya riƙe hannun rigar Rabilu, ya fizge. Ya zaro filaya daga aljihu, ya kama wayar daidai bakin kafar, ya datse.

Kowa ya juya yana jiran rediyon zauren Mushe ya yi shiru. Rediyo ya ci gaba da karanta sanarwarsa. Shirun ya zo ne ta bayan Rabilu, ta ƴar tagar ɗakin ƙasa, inda wani sauti da ya saba ji a salula ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Sai muryar Inna ta fito, a gajiye, cikin zafin ɗakin:

"Wa at taɓa mani wutar Mushe? Tun randa man injin ga ya ƙare, ita ka riƙe da ni."