Katin da Ba Ya Tara Maki

A shagon soyayyen kifi na bakin teku a Darwin, arewacin Ostiraliya, Fergus ya zaro katin banki zai biya, idon Narelle ya sauka a kai. Ba jan katin nan ba ne mai hoton jirgi, wanda ke tara masa makin tikitin zuwa wurinta daga tsibirin Tasmania, can kudancin ƙasar. Wani ne fari fat, sabo dal.

"Ina jan?" ta tambaya.

"Na rufe shi. Wannan ba a biyan kuɗin shekara."

"Kuma ba ya tara maki."

"Ba ya yi."

Sai wani daɗi ya taso mata. Ai wanda zai tare kusa da masoyiyarsa ba ruwansa da jirgi. Ta kamo hannun rigarsa tana dariya. "Kai, mugu! Dawowa nan za ka yi, shi ne ka ɓoye min?"

Bai ɗago ba, sai juya katin yake yi.

"Baba ba zai sake tashi ba, Nel. Ɓarin jikinsa ya shanye. Daga shi har tumakinsa ba su da kowa sai ni."

"To ni in riƙa zuwa."

"Har yaushe? Ke ba za ki bar 'yarki ba, babanta kuwa ba zai bari ki tafi da ita ba."

Yatsunta suka saki rigar da kansu.

"Sauran makin na tura miki," ya ce a hankali. "Sun isa tikiti."

"Zuwa da dawowa?"

Sai a lokacin ya dube ta, idanunsa jajir.

"Zuwa kawai."